Azumin da Shanu Suka Rame a Idon Yaya

Yayana dillali ne a Kasuwar Shanu, kuma ba ya gani daga nesa. Abubuwan nan biyu ba sa shiri, shi ya sa duk unguwarmu ta Dala, a nan Borno, babu wanda ya san na biyun sai mu 'yan gida.

Bari in gaya muku dalili. A kasuwar nan jarin dillali idonsa ne. Mota tana sauke shanu can bakin ƙofa, kai kana zaune a rumfa, tun kafin kofaton sa ya taɓa ƙasa ya kamata ka san wanne ne mai nama, wanne ne fata da ƙashi, wanne ke ɗingishi yana ɓoyewa. In ka ce sai ka matsa kusa, wani ya riga ka kama igiya. To a irin wannan wurin ne mutum zai shigo da farin gilashin asibiti a karan hanci? Akwai bawan Allahn da ya taɓa gwadawa. Har yau in aka shigo da akuya sai a ce a kira shi ya duba ko raƙumi ce.

Ni ma haka idona yake, daga wajen Inna muka gado. Sai dai ni mace ce, ba na sayar da sa, gilashina yana fuskata tun ina firamare. Ranar da aka fara saka min shi na fito na ga ashe dogon yaron ƙofar gidanmu ganye ɗai-ɗai gare shi, ba wani koren dunƙule ba ne. Tun ranar na kamu da son sanin yadda ido ke aiki. Ban yi makarantar abin ba, a waya nake koyo. In kalli wannan, in karanta wancan, in Turancin ya fi ƙarfina in sake daga farko. A gida har sun gaji da ni. Ina cewa "kun san kuwa ido..." sai kowa ya tuna ya bar wani aiki a ɗaki.

Shi Yaya kontak yake sakawa. Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗan faifai ne ƙarami mai laushi, garau kamar ruwa, kamar siririn ɓawon nan na cikin albasa in ya jiƙe. A kan ɗan yatsa ake ɗora shi a manna a gaban ƙwayar ido, ya yi aikin gilashi ba wanda ya san kana sanye da komai. Amare ma suna saka masu launi don kwalliya, amma na Yaya na gani ne. Ƙa'idarsa ba wuya: ka wanke hannu, ka cire kafin barci, ka jiƙa shi a ruwansa, in wa'adinsa ya cika ka yar ka buɗe sabo. Yaya wankin hannun kaɗai ya riƙe. Mutumin da ke bin kasuwannin ƙauye, yana kwana a bayan mota tare da mutanen da yake ɓoye wa abin, ina zai cire? Da shi yake barci, da shi yake tashi. Wanda aka ce na wata guda ne kuwa, sai ya ci damina da shi.

A shekarar da nake ba ku labari, Bulama, mai unguwarmu ke nan, ya aiko a kira Yaya gab da azumi. Layinmu muna watanda duk ƙaramar Sallah: gidaje su haɗa hannu a sayi sa guda, a yanka ranar jajibere, a kasa naman kashi-kashi kowa ya ɗauki nasa. Mahaifinmu ne ke zaɓo san har Allah ya yi masa rasuwa. Bayansa an gwada mutane ba a ji daɗi ba. Akwai shekarar da wani maƙwabcinmu ya kawo san da har yau ake kira Tsintsiya, shi kuma tun daga lokacin in aka fara hirar nama a majalisa sai ya tashi. To wannan karon Bulama ya dubi Yaya ya ce, "An ce ka gaji idon ubanka. Za mu gani a tukunya."

Idon Inna ya gada, amma wa zai faɗa? Ya dawo gida yana taku kamar an ba shi kujerar Makka. Matsayin Baba ne aka miƙa masa, kuma sau ɗaya ake gwada mutum.

Sai Kaka ta shigo maganar. Kakarmu ce ta wajen uba, tare muke zaune. Ta daɗe da sanin Yaya na cusa wani abu a ido, amma ba ta taɓa ganin ruwan da yake ɗigawa a kai ba sai wata la'asar. Ta same shi a tsakar gida, kai a sama, baki a buɗe, yana matsa 'yar kwalba.

"Maigidan, wannan ruwan ina ya nufa?"

"Ido, Kaka."

"Daga idon fa? Tsayawa yake? Ni in na sa kwalli har maƙogwaro nake jin ɗacinsa. To ba a gidan nan ba. Mutane su wuni da ƙishirwa a wannan zafin, kai kana sha ta ido?"

Na ce, "Kaka, ai an tambayi malamai, sun ce..."

"Ke rufe min baki, likitar waya." Ta juya wajensa. "In kana so in ci naman watandarka, ka cire min ɓawon nan da ruwansa har a ga wata."

Yaya bai yi musu sosai ba. Dama a zafin garin nan, kafin azahar idonsa ya yi ja kamar garwashi, yana jin kamar an zuba masa yashi. Sai dabara ta faɗo masa: baƙin gilashi. Fari ne abin kunya a kasuwa. Baƙi kuwa gayu ne, rabin samarin dillalai suna da shi. Zai sa a yi masa na gani, a rina shi baƙi, shi ke nan.

Ya tafi wani ƙaramin asibitin ido a cikin gari. Yana shiga ya hangi wani mahaucin kasuwarsu a kan benci, ya kawo mahaifiyarsa. Yaya ya zille banɗaki, ya ciro kontak ɗin ya yar, ya fito yana lalube. Aka kira shi ɗakin awo, ƙofa a buɗe, bencin mahaucin na jikin ƙofar. Likitar ta tambaye shi, "Malam, kana saka kontak?"

Ya ɗaga murya ya ce, "Mene ne shi? Ni rana ce ke damuna, baƙi nake so!"

Haruffan allon ma a raɗa ya karanta su. Aka auna idon yadda aka same shi, aka yi masa gilashi.

Farkon azumi lafiya lau. Ya fita da baƙin gilashinsa, har ana tambayarsa inda ya saya. Amma azumi na nisa sai ya fara dawowa gida da ƙorafi. Muna buɗa baki, ga kunun tsamiya ga ƙosai, sai ya ce, "Bana shanu ba su da kyau."

Inna ta ce, "Rani ne."

"Ba irin wannan ramar ba ce. Duk sun zama dogaye sirara, kamar an kama su ta ƙaho an ja sama."

Washegari ma haka. Wanda ya gani yau ya fi na jiya rama. Ya ɗora laifin a kan tsadar dusa, ya ɗora a kan makiyaya, har ubangidansa na kasuwa ya yi masa faɗa don ya ƙi kama wani bajimi da kowa ke rububinsa. Ga ciwon kai kullum, wannan kuma aka ce azumi ne. In zai tsallaka kwatar ƙofar gida sai ya ɗaga ƙafa tun bai iso ba, kamar zakara. Bulama kuwa in sun haɗu a masallaci sai ya ce, "Yaya labarin sanmu?" Yaya ya ce, "Ana dubawa." Ya shigo gida ya zauna ya yi tagumi.

Ranar da na farga, ya shigo da yamma da gilashin a fuska, ya tsaya ya daɗe yana kallon Kaka a kan tabarma.

"Kaka, azumin nan ya taɓa ki fa. Kin zabge."

"Ni? Uwarka ce ta zabge. Jiya tela ya aiko in ƙaro yadi."

Kaka, Allah ya ƙara mata lafiya, in ta zauna a keke mai ƙafa uku ba a ɗaukar mutum na uku. Na ajiye ludayina. Na ce, "Yaya, ba ni gilashin nan."

Na riƙe shi nesa da fuskata, na leƙa bakin randa ta cikinsa, na riƙa juya shi a hankali. Bakin randar da yake zagaye sai ya miƙe ya zama kamar ƙwai, ya kwanta, ya tashi, yana bin juyin hannuna. Wayyo, daɗin da na ji! Na taɓa ganin an yi wannan gwajin, ban taɓa samun wanda zan yi wa ba. Irin wannan gilashin ana yi wa mutumin da gaban idonsa bai zagaye daidai ba, ya fi lanƙwasa ta gefe guda. Mai irin wannan idon in ya saka sai duniya ta daidaita. Wanda idonsa ba haka yake ba in ya saka, sai ta matse masa duniya ta gefe ɗaya. Yaya kuwa tun yana yaro ba a taɓa ce masa yana da wannan ba.

"Ranar da aka auna ka, yaushe ka cire kontak?"

Sannan ya ba ni labarin mahauci da banɗaki. Inna ta yi dariya har ta ƙware.

Nan fa na samu fili, kuma ranar ba wanda ya gudu ɗaki. Ku ma ku tsaya ku ji, don abin akwai ban mamaki. A gaban ido akwai wata fata garau, mai tudu kamar murfin agogo, likitoci na ce mata koniya. Ita ce tagar ido, kuma yawancin aikin tattara haske ita ke yin sa, da wannan tudun nata. Saboda haka in tudun ya canza ko da kaɗan ne, kaɗan ɗin da ba za ka gani a madubi ba, gani ya canza. Abin da ya fi burge ni, ba ta da jijiyar jini ko ɗaya. Da tana da ita ai da ja za mu riƙa gani. To da me take rayuwa? Iska take sha kai tsaye, ta cikin hawayen da ke kwance a kanta. Idonka numfashi yake yi! Ka ɗora mata kontak, ka rage mata iska. Ka yi barci da shi, ga fatar ido a rufe ga kontak a ƙasa, murfi biyu ke nan. Sai ta riƙe ruwa ta ɗan kumbura, kuma ba lallai ta kumbura daidai ko'ina ba. In aka daɗe ana haka sai tudun ya goce daga yadda Allah ya yi shi.

Yaya ya ce, "Ke dai da surutu. Abin da ya fi ɓawon albasa laushi, shi zai lanƙwasa ido?"

Gaskiya tambayar tana da kyau. Akwai kontak mai tauri, shi ya fi yin wannan aika-aikar. Mai laushi yawanci shi ke bin siffar ido, mutane da yawa suna shekaru da shi ba abin da ya same su, in suna cirewa. Amma na ja hijabina baya na nuna masa goshina. "Robar hijabi tauri gare ta?"

"A'a."

"To wannan layin fa?"

Ya leƙo. Ga shatin nan kwance a goshina, na wunin ranar kaɗai.

"Kafin in kwanta ya ɓace. Naka kuma shekaru ka yi ba ka cire hijabin ba. Ranar da aka auna ka, ido mai shati aka auna, aka yi masa gilashi daidai da shatin. Yanzu Kaka ta sa ka cire, idon yana shan iska yana komawa yadda yake, gilashin kuma yana nan inda aka bar shi. Kullum idonka na warkewa, kullum shanu na ramewa."

Kaka ta ce, "Wato ni na warkar da shi."

"Kusan haka ne, Kaka."

"To a rubuta."

Yaya dai bai yarda da likitar waya ba sai da muka koma wajen ta gaske. Na bi shi, don ko an ɗaure ni sai na je. Likitar 'yar kudancin Borno ce, da ɗan gicciye a wuya, mai fara'a. Da ta ji gaskiyar magana ta cire nata gilashin ta ajiye, ta riƙe haɓa.

"Malam, ba kai ne ka ce min mene ne shi ba?"

"Akwai mutane a waje, likita."

"Yanzu ma akwai. In buɗe ƙofa?"

Ta sa ya ɗora haɓa a wata na'ura mai zoben haske, ta auna tudun idon, ta kwatanta da na ranar farko. Ta ce ya sauya, kuma bai gama sauyawa ba. Har ta bar ni na leƙa. "Zo ki gani, ƙanwata, tunda ke kika kamo ɓarawon." Na ga zoben hasken kwance a idon Yaya, gefe ɗaya ya ɗan karkace. Ban san sanda na ce "Allahu Akbar" ba.

Ta ce ba za ta sake yi masa gilashi ba sai ta auna sau biyu a ranaku daban ta ga awon ya zo ɗaya. Wani idon kwanaki kaɗan yake ɗauka, wani makonni, nasa da ya sha wuya sai bayan Sallah. Wannan baƙin kuma ya ajiye shi.

"To in mayar da kontak ɗin na rana ɗaya? Ranar sayen sa kawai."

"Fatar idonka ta ƙuje, tana warkewa. Ka ɗora mata abu ka shiga cikin kashin shanu da ƙuda, in ciwo ya shiga ba maganar gilashi za mu yi ba. Ni dai na gaya maka."

Muka fito. Babu kontak, babu gilashi, ga Sallah ta matso. Muka hau keke muka nufi gida. Da muka sauka ya ce, "Zan je in gaya wa Bulama ya nemi wani." Muryarsa ta yi wani iri. Ban taɓa jin ta haka ba tun rasuwar Baba.

Na ce, "Tsaya. Ba ni wayarka."

Akwai abin da nake yi in na tashi da safe na rasa inda na ajiye gilashina. Mu masu irin wannan idon, nesa ce ke ba mu wuya, kusa kuwa ras muke gani. Sai in kunna kamarar waya in riƙe ta dab da hancina. Kamarar ta hango nesa, ni kuma in kalli fuskar wayar da ke kusa. Na kunna masa, na juya shi ya fuskanci ƙarshen layi, na ja hoton da yatsu biyu.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Waccan tunkiyar gidan Bulama ce. Tana da ciki."

"Ka gani?"

"Ke, ashe kina da amfani."

Ladana ɗaya na nema: in ya shiga kasuwa ya kira ni, ya sa abin ji a kunne, ya bar layin a buɗe in ji komai. Ya ce ba ya son surutu. Na rantse ba zan yi tari ba.

Ranar sayen san, da hantsi ya kira. Ina zaune a ɗakin Inna, Kaka ta matso da kunnenta. Muna jin kukan shanu, muna jin "wushe, wushe" ta ko'ina, ana gaisawa da Barbarci da Larabcin Shuwa da Hausa duk a haɗe. Sai muka ji wani ya ce, "Kai, yau ina baƙin gilashin? Hoto kuma ka koma ɗauka?"

Wani ya ce, "Ba hoto ba ne, dubi kunnensa. Nuna wa wani yake. Wane ne a layi?"

Ni kuma rantsuwata ta karye, dariya ta kuɓuce min. Ashe abin kunnen nasa mai arha ne, yana zubar da murya.

"Mace ce! Hajiya ce! Daga Abuja ko?"

Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa kawai ya yi, a hankali, "Ranki ya daɗe, a yi shiru mana." Ni yake roƙo, amma su ladabi suka ji. Kafin ka ce me, labari ya zaga kasuwa cewa yaron nan ya samo wata babbar Hajiya da ke sayen shanu ta waya. Sai ga muryar wani tsoho, daga jin Hausarsa Bashuwe ne. "Ta'al, ta'al, zo nan. Waɗannan na gaba ba na Hajiya ba ne. Zo baya ka ga shanu."

Kaka ta dafe ƙirji. "Yau ga ja'irar yarinya ta zama Hajiya ba ta je ko filin jirgi ba."

Muka ji ana buɗe wani shinge. Yaya ya fara magana ƙasa-ƙasa, shi da kansa yake yi, ya manta da ni. "Wancan farin ƙaho ne kawai. Wancan ya tsufa. Jan can... juyo min da jan can." Muryarsa ta dawo daidai, irin ta da. Tsohon yana ta yabon san, yana ɗaga murya don Hajiya ta ji, yana cewa ko a gidan gwamna aka yanka shi ba a ji kunya ba. Sannan ya faɗi kuɗin, kuɗin Hajiyar Abuja, wanda ko layinmu biyu aka haɗa ba za su iya ba.

Ɗif. Layi ya yanke.

Na kira, a kashe. Na sake kira, a kashe. Muka zauna muna kallon juna. Inna ta tashi ta hau gyaran shinkafar da ta riga ta gyara. Kaka ta ɗauko carbi. Ni kuwa na san abin da ya faru: waya ce a tsakiyar rana a garin nan, kamara a kunne, kira a kunne. Zafi ta ɗauka ta mutu. Yaya yana tsakiyar Kasuwar Shanu ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa, kuma ni na tura shi.

Sai bayan la'asar muka ji ihun yara a layi. Na leƙa ta zaure. Ga jan sa, gajeren ƙaho, ƙirji kamar ƙofa, tozo ya kwanta gefe don nauyi, mutum biyu na riƙe da igiya. Ga Yaya a baya yana tafiya a hankali, yana murmushi yana gaida duk inuwar da ta gifta, har da turken wuta.

Da ya sha ruwa ya ba mu sauran labarin. Tsohon na faɗin kuɗi wayar ta yi baƙi. Yaya ya tsaya yana kallonta, gumi na karyo masa, ya kasa cewa komai don tsoro. Tsohon ya leƙo ya ga baƙin gilashin waya, ya ga fuskar Yaya, sai ya tafa hannu. "La ilaha illallahu, Hajiya ta yi fushi! Kira ta, kira ta, a gyara." Yaya ya danna, ba ta kawo ba. Tsohon ya rage. Ya sake dannawa, shiru. Tsohon ya sake ragewa, yana cewa shi bai taɓa ganin mace mai zafin ciniki irin wannan ba. Shi kuwa Yaya tunda dama ya riga ya ware san tun daga nesa, sai ya sa wayar a aljihu ya matsa jikinsa, inda idonsa ke aiki. Ya buɗe baki ya duba haƙori, ya danna gindin wutsiya, ya shafa haƙarƙari, ya kama tozo. Aka daidaita a kan abin da layinmu zai iya.

Ranar jajibere da safe aka yanka a gindin dogon yaro. Maza sun kewaye, mu mata muna leƙe ta ƙofofin zaure. Yaya na tsaye kusa da ƙofarmu, hannu a baya. Mahauci ya farke ciki ya ja fata. Bulama ya sunkuya da sandarsa yana dubawa.

Yaya ya karkato kai wajena ba tare da ya juyo ba. "Fuskarsa fa? Murmushi yake ko ya ɗaure?"

"Bai yi ko ɗaya ba tukuna."

"Kitsen fa?"

"Yaya, fari ne tas. Ya rufe ko'ina."

Bulama ya miƙe. Ya ce, "Masha Allah. Rabonmu da irin wannan tun marigayi." Mutane suka ɗauka, masha Allah, masha Allah. Na ga kafaɗun Yaya sun sauka. Sai Bulama ya karɓi wuƙa da kansa, ya yanko wani ƙaton yanki daga tozon, ya naɗe a takarda, ya taho har inda Yaya yake.

"Labari ya iso mana daga kasuwa. An ce wata Hajiya ce ta zaɓa maka ta waya, ta kuma karya kuɗin. Ga wannan, a kai mata. Baɗi ma kai za ka je, amma ka tabbata tana kan layi."

Yaya ya tsaya da tozo a hannu. Shekara da shekaru yana ɓoye abu ɗaya, ga shi yau an ɗauki san da ya zaɓa an ba wata. Ya gyara murya.

"Bulama, babu wata Hajiya. Ni na zaɓa. Idona ne ba ya gani daga nesa, tun ina yaro. Wayar da ita nake hange."

Sai Bulama ya fashe da dariya, majalisa ta ɗauka, har mahauci ya ajiye wuƙa yana riƙe ciki.

"Kai? Kai da kake hango sa tun mota na bakin titi? Yaro, ka ji tsoron Allah, da azumi a bakinka. Don ɗan wannan tozon za ka makantar da kanka? Kada ka ci haƙƙin baiwar Allah. Kai mata abinta."

"Wallahi, Bulama..."

"Kai mata!"

Ya juyo ya shigo zaure. Ya miƙo min ƙunshin ba tare da ya kalle ni ba, ya ce, "Ranki ya daɗe."

Kaka ce ta soya min shi ranar Sallah, ta ɗauki rabi ladan magani.